Likitan Haƙorin da Na'ura ta Yaye

Ga ta nan, ga ta nanku!
Ta zo, muna saurare.

Tsohon soja Saje Tanimu ya nemi tallafin karatu, aka hana shi ba a ji ta bakinsa ba.

Da ya kai kuka ofishin tallafin, Darakta ya ce, "Na'urar kwamfuta ta ce tuni ka zama likitan haƙori."

"Ranka ya daɗe, mai sunana ne."

"Na'ura ba ta kuskure. Kawo shaidar cewa ba ka iya ba."

Saje ya aro filaya wurin makanike, ya dawo. "To buɗe baki, yallaɓai, in cire maka ruɓaɓɓen haƙori."

Darakta ya zabura bayan kujera. "Kai, mahaukaci! Me ka sani game da haƙori?"

"Jama'a, ga shaidata nan. Sa hannu, ko ka buɗe bakin."

Darakta ya sa hannu, bakinsa a rufe gam.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera!