Ba A Nuna Ɗakin Baƙo A Gidan Tabawa

Akwai wata mata a Yelwa mai suna Hajiya Tabawa, tana da gidan saukar baƙi a bayan kasuwar kifi. Ɗaki shida ne kacal. 'Yan kasuwa daga Zuru da Kontagora da Sakkwato su kwana, da safe ta ba su koko da ƙosai, su wuce bakin ruwa sarin bandar kifi. Mafaɗaciya ce, ba zan ɓoye muku ba, amma baƙonta bai taɓa kwana da yunwa ba.

Kun dai san halinmu. Mutum ya yi sallama ya ce, "Ni ƙanen wane ne," ba mai tambayarsa komai. Sai dai ka ji an ce, "Ayya, sannu da zuwa, ga ɗakinsa can na biyu, shiga." A wurinmu tsare baƙo da tambaya rashin kunya ne.

To, wannan kunyar ce ta kashe Nasiru.

Nasiru ɗan kasuwar kifi ne, ya sauka a wani masauki a wata unguwa, ba na Tabawa ba. Da rana tsaka wani mutum ya zo ya ce ƙanensa ne, aka nuna masa ɗaki har da rakiya. Ɗakunan da ma na ajiyar kifi ne aka mayar na kwana, don haka sakatarsu ta waje ce, ba ta ciki. Mutumin ya tura ƙofa, ya daɓa wa bawan Allah wuƙa, ya ɗauki jakarsa, ya fito ya zura sakata ta waje ya tafi abinsa.

Mutum ɗaya ce ta ga fuskarsa: Grace, wata 'yar Zuru mai sarin banda, wadda ke ɗakin da ke kusa. Ta je ta yi wa 'yan sanda bayani, kuma duk gari aka ji cewa ita ta gan shi. Shi kuwa ba a kama shi ba.

Washegarin jana'iza Tabawa ta kira kafinta. Ya ciccire sakatun waje, ya sa wa kowane ɗaki sakata ta ciki mai kauri. Ta sa aka huda 'yar taga a bangon zaure, aka rataya mata labule. Sannan ta kafa doka: duk wanda ya zo neman baƙo, ya faɗi sunansa ya zauna a zaure. Baƙon zai leƙo ta taga. In ya san shi ya fito, in bai san shi ba, sai a kama hanya.

Kai, ta sha baki! Wasu suka ce ta mai da gida ofishin 'yan sanda, wasu suka ce tsufa ne ya fara taɓa ta. Ita kuwa amsarta ɗaya ce: "Ku ce abin da kuka so. Gidana ne."

Bayan sati uku sai ga Grace ta dawo sari. Masauki biyu suka ce mata ba ɗaki, alhali tsoro ne kawai. Ta iso ƙofar Tabawa da jakarta, duk ta rame.

Tabawa ta ce, "Ke ɗiyata, ba ki jin tsoro?"

Grace ta ce, "Ina ji mana, Inna. Amma tsoro ba zai ciyar mini da yara ba. Ba ni na kashe mutum ba, don me ni zan ɓuya?"

Tabawa ta karɓi jakar da hannunta. "Shiga na huɗu. Ki sa sakata ko da rana ne."

Kwana biyu a tsakani, bayan Azahar, sai ga Alhaji Maikuɗi. Shi ne babban dillalin kifi na wajen, kuma rabin baƙin Tabawa shi ke turo su. Mutum ne da bai saba a ce masa "dakata" ba. Ya shigo zaure tare da wani mutum mai farin kaftani da hula, mai ladabi, kansa a sunkuye.

Alhaji ya ce, "Hajiya, wanga ƙanen mijin Grace ne. Uwarsu ba lahiya, ya yi ta kiran wayar Grace ba ta shiga. Nuna mai ɗakinta."

Tabawa ta dubi mutumin. "Sannu, malam. Mi ne sunanka?"

"Yusuf, Hajiya."

"To Yusuf, ga tabarma. In akwai mai wanga suna a gidana, za ta leƙo ta gan ka."

Alhaji ya ɓata rai. "Ban gane ba. Ni na kawo shi da ƙafata."

"Na gani, Alhaji. Kai a ina ka san shi?"

"A kasuwa ya same ni, ya durƙusa ya gaishe ni, ya faɗi sunan mijinta da unguwarsu. Mi kike so kuma?"

"Ke nan yau ka fara ganinsa."

Wallahi sai da Alhaji ya miƙe tsaye. "Tabawa! Ni za ki tozarta gaban baƙo? Kin san ko ni wane ne a garin nan? Daga yau in na sake turo miki ko mutum ɗaya, ba sunana Maikuɗi ba. Mu ga wanda zai sha kokon naki."

Ta san ba wasa yake ba, kuma da wannan gida take riƙe da marayun jikokinta. Amma ba ta motsa daga bakin ƙofar ciki ba.

Ta ce, "Alhaji, kana da girma a idona, kuma baƙinka naka ne, kai su inda ka so. Amma wadda ta sa kai ta yi barci a gidana amanata ce. Ko ubana ne ya tashi daga kabari, a tabarmar nan zai zauna."

Ta shige ciki ta kulle ƙofa. Ta ƙwanƙwasa ɗaki na huɗu, ta faɗi sunanta, ta kamo hannun Grace har bayan labule. Grace ta ɗaga gefe ta leƙa sau ɗaya. Nan take ta ja da baya.

Ta ce a hankali, "Inna, mijina ba shi da ƙane. Shi ne. Shi ya kashe Nasiru."

Tabawa ta mai da ita ɗaki, ta tsaya sai da ta ji ƙarar sakata. Ta kira shugaban 'yan banga a waya, ta ce masa kalma uku ko huɗu. Sannan, ku ji ƙarfin hali, ta ɗebo ruwan sanyi a kwano ta dawo zaure, ta sake kulle ƙofar ciki, ta soke makulli a zanenta.

"Sha ruwa, Yusuf. Tana wanka ne. Ya jikin tsohuwa? Wane asibiti aka kai ta?"

Mutumin ya fara kame-kame. Ya dubi taga, ya ga labule na motsi, ya zargi ana leƙensa, sai ladabin nan ya zube. Ya zabura ya daki ƙofar ciki da kafaɗa, ya sa hannu cikin kaftani ya zaro wuƙa, ya ce, "Ba ni makulli, tsohuwa!"

Tabawa ta watsa masa ruwan kwanon a fuska, ta ƙwala ihu: "Jama'a! Ga makashin Nasiru!"

'Yan kabu-kabun da ke bakin layi suka yo kansa. Ya fita da gudu ya nufi bakin ruwa, masunta suka tare shi da sandunan tuƙi, 'yan banga suka iso suka ƙwace shi daga hannun jama'a suka miƙa wa 'yan sanda.

Alhaji Maikuɗi yana zaure bai ko motsa ba. Hularsa ta faɗi bai sani ba. Ya dubi Tabawa.

"Innalillahi. Hajiya, da da hannuna zan kai shi ƙofarta. Ki yafe mini."

Tabawa ta ce, "Ba ni za ka roƙa ba. Tana da yara uku a Zuru, Alhaji. Da ya kashe ta, kai za ka je ka faɗa musu cewa ai mutumin ya durƙusa ya gaishe ka."

Alhaji ya rufe fuska da babbar riga, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Grace ba ta gudu ba. Ta je ofishin 'yan sanda ta dubi mutumin ido da ido ta ce shi ne. Da safe ta sha kokonta, ta ɗauki kwandonta, ta bi ta tsakiyar kasuwa ta yi sarin kifinta, ta hau motar Zuru da ƙafafunta.

Darasi: Tambayar baƙo ko wane ne shi ba rashin kunya ba ne, kuma girman wanda ya rako shi ba shaida ba ne. In kana da masauki, kada ka nuna ɗakin kowa ga kowa, ka sa sakata ta ciki, wanda zai yi fushi ya yi. In matafiyi ne kai, ka duba ƙofa kafin ka ajiye jaka, kada ka buɗe sai ka san mai ƙwanƙwasawa. Ku tura wa 'yan'uwanku masu tafiye-tafiye da masu gidajen baƙi, wataƙila ran wani ya tsira ta dalilinku.