Shirun Shamuwa da Gonar Korau

Dalilin da ya sa kuke ganin gero da dawa da wake a gona ɗaya, ga shi. Ku zauna, ba zan maimaita ba.

A da, shamuwa tana magana. Da ta sauka a kan kukar bakin gari sai ta ce, "Bana damina doguwa ce, ku shuka dawa," ko ta ce, "Bana gajera ce, sai gero." Kowa ya shuka iri ɗaya, kowa ya cika rumbu.

Akwai wani manomi, Korau, mai baki goma sha ɗaya a gidansa da kuma saurin fushi. Wata shekara ruwa ya ƙara kwana uku a kan abin da shamuwa ta faɗa, ya jiƙa masa geron da ya shanya. Korau ya je gindin kuka ya ce, "Ke mai ƙafar kara, ashe ƙarya kike yi?"

Shamuwa ta dube shi. Daga ranar ba ta sake cewa uffan ba.

Da damina ta zagayo, Korau ya tsaya da iri a hannu. In ya shuka dawa ruwa ya ɗauke da wuri, yunwa. In ya shuka gero ruwa ya zarce, zangarniya ta ruɓe. Ya tambayi matarsa Tabawa.

Ta ce, "Maigida, ka zagi wadda ta sani, yanzu ni kake tambaya?"

Ya tafi gona. Ya shuka gero, ya shuka dawa, ya cusa wake a tsakani. Maƙwabcinsa Jatau, wanda ya zuba dawa zalla, ya leƙo ya ce, "Korau, gona ce wannan ko kwaɗo?"

Ruwa ya daɗe a shekarar. Jatau ya cika rumbu biyu, Korau ɗaya. Aka yi masa dariya har a kasuwa.

Shekara ta biyu ruwa ya ɗauke tun dawa ba ta fid da kai ba. Korau ya girbe geronsa da ɗan wake. Rumbu ɗaya, da kyar.

Jatau, wanda ya sake zuba dawa zalla, ya yi sallama da ƙwarya a hannu. Korau ya cika masa, ya ce, "Kwaɗo ne. A ci da haƙuri."

Korau bai taɓa fin kowa amfanin gona ba har ya mutu. Tukunyar gidansa kuma ba ta taɓa wuni a kife ba.

Shi ya sa har yau muke gauraya iri, shamuwa kuma ta zo ta zauna a kan kuka tana kallonmu, ta san amsar, ba za ta faɗa ba. Ku tashi, akwai noma gobe.