Dabinon Da Aka Ce Juya Ne

Akwai wani mutum da yake zaune a wani ƙaramin gari a bakin hamada. Garin yana cikin kwari, kuma abin da ya riƙe mutanensa shi ne dabino. Gero ba ya yi musu sosai a wurin, saboda haka in dabino ya nuna sai su ɗora wa jakuna, su kai kudu, su yi musanya da hatsi. Kakanninsu ne suka dasa itatuwan, su kuwa sun tashi sun tarar ana ci, suka ci gaba da ci, ba wanda ya taɓa tambayar yadda ake yi dabino ya haihu.

Shi wannan mutum, a ƙuruciyarsa ya bi ayarin raƙuma shekara bakwai, ya ga garuruwan dabino na can cikin rairayi. A can ya koyi duban itace. Daga nesa zai ce maka waccan giginya ce, don ga ta tilo ta miƙe, da kumburi a tsakiyar jikinta, ganyenta kamar mafici. Waccan kuma goruba ce, gama ita kaɗai ce a danginsu take rabuwa biyu, kowane reshe ya sake rabuwa. Dabino shi ne mai dogon ganye kamar gashin tsuntsu, da ƙayoyi a gindin kowane ganye. Ya san ƙerana, wadda ba ta da ganye sai jiki mai kusurwa da ƙaya, yakan kuma hana mutane saran ta da rana tsaka ba tare da sun kare fuska ba, don farin ruwanta in ya shiga ido sai an yi da gaske. Ba ya wuce baƙon tsiro bai tsuguna ya murza ganyen ya shinshina ba. Saboda wannan hali mutanen gari suka sa masa suna Sarkin Ganye, ba kuwa don girmamawa suka sa ba.

Wata shekara aka yi ruwa irin wanda tsofaffi ma ba su taɓa gani ba. Kwana uku sama ba ta ɗauke ba. Rufin soraye ya jiƙe, tsofaffin azara suka karye, rabin ɗakunan garin suka rufta. Da damina ta wuce kowa ya shiga neman azara, giginya kuwa sai an yi tafiyar kwana huɗu kafin a same ta. Sai mutane suka dubi gonakinsu, suka ce, ai a kowace gona akwai dabino ɗaya ko biyu da ba su taɓa ba da ko ƙwaya ba, suna shan ruwa a banza, suna tare wuri. Juya suke kiransu. Aka wasa gatura. Kafin wata ya mutu an kwantar da su duka, aka tsaga, aka yi rufi, kowa yana yaba dabararsa.

Saura guda ɗaya tak a garin, a gonar mutumin nan, can ƙarshen gari ta yamma. Shi ma ɗakinsa ya rufta, amma ya ƙi sara. Ya kafa bukkar kara da zana a tsakar gida, shi da iyalinsa suka shiga.

Matarsa ta yi haƙuri har sanyi ya fara shigowa. Ran nan ta ce, "Maigida, matan gari duk sun koma ɗaki, ni kaɗai nake kwana a bukka kamar mai jiran gona. Itacen nan tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa cin ɗansa ba. Me yake yi mana?"

Ya ce, "Duk dabinon da kika ci a gidan nan, da hannunsa a ciki. Ki ƙara mini haƙuri kaɗan."

Ba ta gane ba, ranta kuma bai yi daɗi ba, amma ta bar maganar.

Ana nan sai mai gari ya tashi gyaran zaurensa, azara ta kasa. Aka ce masa ai akwai sauran juya guda a gonar Sarkin Ganye, doguwa kuwa, mai kauri. Mai gari ya tafi da kansa, da masu gatari biyu a bayansa, mutane suka biyo don kallo. Mutumin ya tare su a bakin shinge, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya kuwa san in wannan itace ya faɗi, dabinon garin ya ƙare ke nan.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba juya ba ne. Namiji ne. Zo ka duba."

Ya kai shi gindin itacen. Ya nuna masa yadda kansa ya fi na sauran cika da duhun ganye, yadda ƙayoyinsa suka fi kauri da ƙarfi. Sa'an nan ya hau, ya yanko wani kube gajere mai faɗi da ya fara tsagewa, ya buɗe shi a gaban jama'a. Cikinsa cike da fure fari, a cunkushe. Ya kaɗa shi a tafin hannun mai gari, sai wani gari mai laushi ya zuba, mai ƙanshi. Ya je wurin wani itacen na kusa ya nuna nasa kuben, wanda ya fi tsawo ya kuma fi siranta, a ciki kuwa babu gari, sai ƙananan ƙwayoyi jere a kan silili kamar duwatsun wuya.

Ya ce, "Wannan ita ce macen. In garin wancan bai taɓa ƙwayoyin nan ba, ba za su zama dabino ba. Dā iska ce take yi mana aikin, tana ɗauka daga mazan da suke cikin gonakinku. Kun sare su. Nawa kuma yana yamma, iskar wannan lokaci daga gabas take zuwa, ba za ta kai muku kome ba."

Jama'a suka fashe da dariya. Wani ya ce yau kuma Sarkin Ganye aure zai ɗaura wa itatuwa, a nemo goro. Mai gari ma ya murmusa, amma mutum ne mai sauraro. Ya ce, "Ina da dabino arba'in. Na ba ka ɗaya, ka yi mata abin da kake cewa. In lokacin nuna ya yi ban ga bambanci ba, ranar nan gatari zai hau wannan, kada kuma ka zo mini da roƙo."

Mutumin ya amsa. Kashegari da sassafe ya ɗauki furen namijin, ya tafi gonar mai gari, ya zaɓi itace guda a tsakiya. Ya hau, ƙaya tana yagar masa hannu, ya cusa silin fure biyu uku a cikin kowane kuben da ya buɗe, ya ɗaure da kaba. Ya sauko ya kewaya jikin itacen da igiya don shaida. Ya yi wa nasa itatuwan haka. Ya bi gida gida yana cewa a bar shi ya yi musu, kyauta, kafin furen ya wuce, gama kwanakinsa kaɗan ne. Ba wanda ya yarda. Wasu ma suka ce kada ya kuskura ya taɓa musu itace da tsafinsa.

Sanyi ya wuce, bazara ta shigo. Da farko ba a ga bambanci ba, kowane itace ya fitar da 'yan ƙwayoyi koraye, masu dariya suka ƙara dariya. Amma da zafi ya yi ƙarfi sai ƙwayoyin suka fara zuba. Waɗanda suka rage suka tsaya ƙanana, in ka fasa babu ƙwallo a ciki, in ka tauna sai bauri, ko awaki ba su damu da su ba. Gona bayan gona haka. Dariya ta ɗauke a garin, mutane suka fara kwana da tunanin abin da za su kai kudu.

Ran da mai gari ya shiga gonarsa, ya wuce itace talatin da tara babu abin kirki a kansu. Sai ya iso wurin mai igiya. Nonnan dabino sun sauko ta kowane gefe, jajaye, manya, nauyinsu har ya sa an tokare su da sanda. Ya kewaya itacen ya duba. Sa'an nan ya juya, bai koma gida ba, ya miƙe sai ƙarshen gari ta yamma, jama'a na biye da shi kamar wancan karo, sai dai yau ba gatari. Suka tarar da gonar mutumin kowace mace ta yi dam, namijin kuwa yana tsaye a tsakiyarsu, ba ko ƙwaya ɗaya a kansa, kamar kullum.

Mai gari ya ce, "Gani ya kori ji. Mun yi maka dariya, mun kuwa cuci kanmu. Yanzu ina dabara?"

Mutumin bai tsaya tuna musu maganganunsu ba, ko da yake yana da abin faɗa. Murna ce ta cika shi har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan guda ɗaya ya ishi garin duka, in dai za a hau a kai da hannu."

Shekarar an sha wuya, ba zan ɓoye muku ba. Abin da gonarsa ta bayar da na itacen mai igiya shi aka raba aka lallaɓa, aka haɗa da goruba da ganye har aka fita. Amma da sanyi ya kewayo, garin duka ya tashi. Mutumin yana bisa yana yanko fure, maza suna karɓa suna rugawa gonakinsu, shi yana bi yana nuna musu kuben da ya isa da wanda bai isa ba. Matarsa, wadda dā take jin kunyar fita, ita ce take raba silin furen a faifai, tana gaya wa mata yadda ake gane shi, kai ka ce da ita aka bi ayarin. Mai gari ya aika aka kawo azarar giginya daga kudu, ɗakin mutumin aka fara rufawa kafin zaure. Aka kuma cire 'ya'yan da suka tsiro a gindin namijin, aka dasa ɗaya a gabashin kowace gona.

Dabinon da aka samu a wannan shekara, ko a zamanin kakanni ba a taɓa samun irinsa ba, gama hannu ya fi iska iya aiki. Jakuna suka kasa, sai da aka yi hayar raƙuma. Aka yi kwana uku ana kiɗa da waƙa, aka cika rumbuna da hatsi, wanda ya yi ba'ar goro kuwa shi ya fi kowa rawa.

Ma'anar wannan misali ita ce, gonakin nan ikkilisiya ce. Itatuwan da suke ba da 'ya'ya a fili su ne waɗanda kowa yake ganin aikinsu, mai wa'azi, da mai bi da waƙa, da mai bayarwa da yawa. Allah ya sa musu albarka, muna bukatarsu. Namijin dabino kuwa shi ne ɗan'uwan nan ko 'yar'uwan nan da ba ka taɓa ganin ya tsaya a gaba ba. Tsohuwar da take zama a bencin baya, ba ta iya karatu ba, muryarta ma ta tafi, amma kullum sai ta ambaci sunanka a gaban Ubangiji. Mutumin da ba ya iya haɗa magana biyu a taro, amma in ciwo ya kwantar da kai shi ne na fari a ƙofarka. Gatarin kuma, ku gafarce ni, harshenmu ne. Mu ne muke cewa wance me take tsinana mana, wane ba ya cikin kowace ƙungiya. Na ji da kunnena, abin kuwa yana ɓata mini rai. Da irin wannan magana mun sa mutane sun daina zuwa, daga baya muka zauna muna mamakin abin da ya sa wa'azi yake fita amma ba ya kama zuciya.

Mutumin nan bai fi 'yan garinsu ido ba. Matsowa kusa ya yi, ya duba, su kuwa daga bakin shinge suka yanke hukunci. Haka Ubangiji yake so mu koyi duban mutanensa. Kada kuma malalaci ya ji wannan ya gyara zama ya ce ashe ni ne namijin dabino. A'a. Shi wancan yana da alama, kubensa cike yake, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya yi 'ya'ya. In ba wanda ya taɓa ƙaruwa da kai, sai ka binciki kanka tun da sauran lokaci.

Amma ke da kika daɗe kina bauta a ɓoye, da kai da ka dubi rayuwarka ka ce shekaru sun tafi ban ga abin da na yi wa Allah ba, ku ɗaga kai ku yi farin ciki. Mai gonar ya san ku, bai kuwa yarda a sare ku ba. Ku dubi wanda ya tuba saboda addu'arku, da wadda ta ƙi fid da zuciya saboda kun ziyarce ta, da waɗanda suke tsaye a gaba yau suna hidima. 'Ya'yanku ne waɗannan, a jikin wasu aka rataye su, kuma a ranar girbi Ubangiji ba zai ruɗe ba.