Ranar da Baba Obadiah Ya Kai Tayar Baya Gaba

Sau nawa aka miƙa muku takardar garanti, kuka ninke ta kuka sa a aljihu, alhali mai bayarwar ya san ba za ta taɓa yi muku amfani ba?

Akwai wata malamar kwaleji a Kafanchan mai suna Scholastica. A shekarar 1975 ta sayi jar motar tsere mai kujera biyu, irin wadda tayoyinta na baya suka fi na gaba faɗi. Da ita take zuwa Fadan Kagoma duk Asabar don duba mahaifiyarta marar lafiya.

Ta sayi sababbin tayoyi huɗu a shagon Baba Obadiah da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, ya ba ta garantin mil dubu ashirin. Ba ta cika dubu bakwai ba, na bayan suka suɗe sumul. Ga damina ta sauka. Ran nan motar ta zame da ita a gangare, saura ƙiris ta faɗa rafi.

Washegari ta isa shagon da takardarta.

Baba Obadiah ya gyara tabarau, ya yi dariya. "Ai 'yata, kin yi boko amma ba ki karanta ƙasan takarda ba. Duk mil dubu uku sai an juya taya, na baya su zo gaba, na gaba su koma baya. Ba ki juya ba, garanti ya mutu!"

"Baba, a wannan motar ana iya juya su?"

"Shekara ashirin ina sayar da taya. Mace za ta koya mini?"

Scholastica ta ajiye masa makulli a kan tebur. "To, ga mota. Ku juya mini su yanzu da hannunku. Idan ta tafi, na yafe."

Masu sayar da citta da ma'aikatan jirgi suka kewaye su. Girman kai ya hana shi ja da baya. Ya tuɓe kwat, ya ɗaga mota, ya ɗaura faffaɗar tayar a gaba yana zufa. Ya shiga, ya tayar, ya murza sitiyari. Taya ta ciji jikin mota, ta yi ƙara, ta tsaya cak!

Wata mai citta ta tafa hannu. "Dattijo, ƙara wuta mana! Ko mu tura?"

Wuri ya kaure da shewa. Scholastica ta ɗaga takardar sama. "Jama'a, kun gani da idonku. Ya ga motata kafin ya rubuta wannan sharaɗi."

Baba Obadiah ya fito daga motar. Ya shiga shago, ya mirgino sababbin tayoyi biyu, ya durƙusa a cikin taɓo ya ɗaura mata su da kansa.

Darasi: Alkawarin da aka ɗaure da sharaɗin da ba ya cikuwa zamba ne, ko da hatimi a kansa. Ku fito da takardun garantinku yau, ku karanta har layin ƙarshe, ku sa mai shago ya gwada sharaɗinsa a gabanku. Sannan ku karanta wa maƙwabtanku wannan labari.