Irin Furen da Muktar Ya Bari

Akwai wata mata a Lafiya, sunanta Zuwairatu, mai sayar da manja. Mace ce da ba a taya mata kaya sau biyu, kuma ba a koya mata komai.

Bayan rasuwar mijinta Muktar, ta tarar da wata 'yar takarda a aljihun rigarsa. Irin fure ne a ciki, ƙanana kamar ƙura. Wani abokinsa ne ya kawo masa daga ƙasar sanyi, fure ruwan ɗorawa, wai Turawa na ce masa dafin damisa. Ya yi ta cewa zai shuka, rai bai kai ba.

Ta ce ita za ta cika masa wannan buri. Ta haƙa rami a tsakar gida, inda rana ke dukan ƙasa.

Maƙwabciyarta Nguavese, manomiyar doya, ta leƙo ta katanga.

"Mama, kar ki binne shi. Ƙaramin iri a sama ake barbaɗawa, a inuwa. In ya yi zurfi ba ya iya fitowa."

"Ke da doya kaɗai kika sani? Shekara ashirin ina zaune da mai irin, ke za ki koya mini?"

Ta juye duka, ta rufe, ta take da ƙafa, ta jefar da takardar waje.

Sati uku tana zuba ruwa. Ko tsinke bai fito ba. Kuma babu wani irin, shi ke nan abin da Muktar ya bari.

Maimakon ta yi shiru, sai ta fita ƙofar gida tana ɗaga murya, wai kajin Nguavese ne suka tone mata. Duk layin sun ji.

Nguavese ta shiga gida, ta fito da tsohon kwano. Tsiro huɗu ne a ciki, kore shar.

"Takardar da kika yar na tsinta, Mama. 'Yan ƙwayoyi sun maƙale a ninkin. Na barbaɗa a kan ƙasa mai laushi, na ajiye a gindin randa don sanyi. Na so su ƙara ƙarfi kafin in kawo miki. Ai na Baba Muktar ne."

Jama'a, Zuwairatu da ba ta taɓa rusuna wa kowa a kasuwa ba, ranar ta miƙa hannu, ta kasa ɗaga ido.

"Ki yafe mini, 'yata. Kajinki ba su yi komai ba."

"Da ƙarfi, Mama. Da ƙarfi kika zage su."

Ta maimaita, duk layin suka ji.

Ko zai yi fure a zafin Lafiya, Allah ne masani. Amma kwanon yana gindin randar Zuwairatu, kuma ko motsa shi ba ta yi sai ta kira Nguavese.

Darasi: Kada girman kai ya hana ka sauraron wanda ka raina, wataƙila a hannunsa abin da ka fi so zai tsira. In ka ci mutuncin mutum a gaban jama'a, a gabansu za ka nemi gafara. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.