Layin Wayar Goggo Tabawa

Ku ɗan ajiye wayoyinku, ga wani zance. In na kai ƙarshensa, ku ne za ku yi hukunci.

A Malumfashi akwai wata dattijuwa mai yin alkaki, ana ce mata Goggo Tabawa. Shekara arba'in tana wannan sana'a. Duk uwar da za ta kai garar 'yarta gidan miji, daga Funtuwa har Gusau, lambar wayar Goggo take nema. Ba ta da shago, wannan lambar ita ce shagonta. Ba ta karatu, ba ta rubutu, amma in aka kira aka ce ana son kaza ranar kaza, amsarta ɗaya ce: "An gama." Ba a kuma taɓa zuwa aka tarar ba a gama ɗin ba.

To, ƙarfi ya fara raguwa, ido ya yi yana. Goggo ta daɗe tana tunanin wa za ta bar wa layin nan a cikin 'ya'yan ƙaninta mata uku da ta riƙe ta aurar. Duka ukun a waya suke kasuwarsu, amma kowacce da halinta.

Babbar, Hansai, shafin talla ɗaya gare ta, kuma alkaki kaɗai take sa wa a ciki. Ko dublan aka tambaye ta sai ta ce a nemi wata. Hannunta ya kama na Goggo har ba a rarrabewa. Sai dai wajen mutum ɗaya take sayen alkama, shi kuwa ya tafi Umara, ta kasuwa kuma duk ƙwari sun ci. Mako uku ke nan kaskonta a kife.

Ta tsakiya, Luba, shafi biyar take juyawa da waya biyu: atamfa, kayan roba, turaren wuta, takalman yara, da hatsi daga ƙauye. In wannan ya kwanta wancan ya tashi, ba a taɓa jin ta zauna haka nan ba. Ta san manoma, ta san direbobin tasha da sunayen 'ya'yansu. Amma ta taɓa aika wa mai neman masara turaren wuta, kuma alkakinta, in ta yi, sai mai haƙori.

Autar, Rumasa'u, abu biyu take yi, ba ta kuma haɗa su. Lokacin bukukuwa ta yi cincin, in biki ya ja baya ta rufe wannan shafin ta koma ɗinkin hijabi. Masu sayenta ba su da yawa, don ba ta iya ciniki ba, kunya take ji. Halinta ɗaya da 'yan'uwan ke yi mata dariya a kai: saƙon murya komai tsawonsa sai ta ji shi har ƙarshe.

Ana nan sai aka yi wa Goggo aikin ido. Likita ya ce ba hayaƙi, ba sunkuyo. Kashegari tana kwance, magani bai gama sakinta ba, wata Hajiya Asabe ta kira daga Gusau. Ita wannan Hajiyar tun watanni biyu ta yi maganar alkaki bokiti goma sha biyu na garar 'yarta, aka bar shi a kan sai bayan Sallah. Goggo ta ji an ce alkaki, ta ji an ce gara, bakinta ya faɗi abin da ya saba: "An gama, Hajiya." Nufinta ta karɓa, za a yi. Hajiya kuwa ta ɗauka alkaki na nan a soye yana jira.

Ranar Litinin da la'asar duka ukun suka zo duba ta. Luba ce ta fara ɗaukar wayar Goggo, ta ga saƙon murya na minti huɗu. Ta kunna, ta ji gaisuwa da ya jiki da ya yara, sai tata wayar ta yi ƙara, ta ajiye ta Goggo. Hansai dama ba ta taɓa wayar da ba tata ba. Rumasa'u ta ɗauka ta koma bakin ƙofa, ta kara a kunne. Goggo na kwance da auduga a ido, sai ta ji shirun yarinyar ya yi yawa.

"Auta, me aka ce?"

"Goggo, kin ce wa Hajiyar Gusau an gama alkakinta?"

"Na ce an gama, kamar kullum."

"To ita cewa ta yi tunda an gama, sun matso da kai gara. Har ta faɗa wa dangin ango. Juma'a da safe mota za ta zo."

Goggo ta fara lissafi. Ko ƙwayar alkama babu a gidan. Kwaɓin alkakinta kuma kwana uku yake yi kafin ya yi tsami. A ranta ta ga Hajiya Asabe a gaban surukanta hannu biyu babu komai, ta ga yadda zancen zai bi wayoyin mata gida gida, a ce Goggo Tabawa ta ce an gama alhali ba a fara ba. In haka ta faru, layin da take ta tunanin wa za ta ba, ba wanda zai sake kiran sa.

Ta yunƙura za ta tashi. Hansai ta mayar da ita. "Kwanta, Goggo. Ni dai a ba ni alkama mai kyau."

"Alkama?" in ji Luba, ta riga ta fara latsa waya. "Ai da kin tambaye ni tuntuni, Yaya, da kaskonki bai yi tsatsa ba."

"In tambaye ki ki aiko mini da takalmin yara?"

Goggo ba ta gani, amma kunne da hanci sun ba ta labarin kwanakin nan duka.

Ta ji Luba a tsakar gida tana kiran wani manomi a Kadawa da ta sani ta shafin hatsi, ta lallaɓa shi ya buɗe rumbu. Ta ji ta kira wani direba tana tambayar sa jikin matarsa kafin ta ce ya biya ya ɗauko buhu. Talata kafin azahar alkama ta iso, aka kai inji aka ɓarza. Bokitai sha biyu masu murfi kuma daga cikin kayan robarta ta kwaso su. Amma a ranar sau uku tana barin aiki ta fita zaure don masu atamfa.

Ta ji Hansai ta karɓi ɓarjin ta kwaɓa da mai da nono mai tsami, ta lulluɓe da bargo ta kai rana, in inuwa ta zo ta ja shi gaba. Lokaci lokaci ta buɗe ta sansana, ta ɗanɗana, ta ƙara abin da ita kaɗai ta sani. Abin da ke cin kwana uku ta sa ya yi a kwana biyu. Alhamis da hantsi ƙanshin suya ya shigo ɗaki, Goggo ta shaƙa ta san ko ita ce iyakar abin da za ta yi ke nan. Amma Hansai ta so ta hana kowa taɓa kwaɓin, wai za a ɓata mata.

Rumasa'u kuwa ba a cika jin muryarta ba. Ta rufe shafinta ta tare a gidan. Ta sake jin saƙon Hajiya, ta gano a tsakiyarsa an ce bokiti huɗu da zuma ake so, ba sukari ba, saboda kakar ango. Ita ce ta zo ta durƙusa kusa da Luba ta ce, "Yaya, ba ni wayoyin in riƙe miki zuwa gobe," ta sa su a ƙarƙashin matashin Goggo. Ita ce kuma ta ce wa Hansai a hankali, "Yaya, hannu biyu ba za su naɗa bokiti sha biyu ba. Ki nuna mana, in ya karkace ki warware." Da haka aka zama hannu shida.

Juma'a da safe mota ta zo, aka jera bokitai. Da yamma Hajiya Asabe ta kira tana ta sa albarka, ta ce dangin ango har lambar suka karɓa. Ba ta san abin da aka yi ba.

Bayan mako biyu likita ya cire auduga, ido ya buɗe tar. Sai dai ya ce ita da bakin murhu sun rabu ke nan. Goggo ta dawo gida ta tara su a ɗaki, ta ajiye wayar a kan tabarma.

"Na so a ce ku haɗu ku riƙe," ta ce. "Amma gidajenku uku, mazajenku uku, waya kuwa a hannu ɗaya take kwana. In an kira, mutum ɗaya ne zai amsa."

Goggo ta dubi Hansai. In ta ba ta, alkakin ba zai canja ba, amma ranar da alkama ta yanke, layin zai yi shiru. Ta dubi Luba. In ta ba ta, ba abin da zai yanke, amma layin zai zama na shida bayan shafukanta biyar. Ta dubi Rumasa'u. In ta ba ta, ba saƙon da zai wuce ba a ji ba, amma ba ta da hannun babbar, ba ta da jama'ar ta tsakiya.

Ba don Rumasa'u ba, da sai dai su ga mota a ƙofar gida. Ba don Luba ba, da sun sani amma babu abin kwaɓawa. Ba don Hansai ba, da buhun alkama za a kai wa dangin ango.

Wayar ta fara ƙara a kan tabarma, baƙuwar lamba. Duka ukun suka dube ta, suka dubi Goggo.

To, ku da kuka ji, wacce a cikinsu ya kamata Goggo ta ce ta ɗauka?