Ranar da Shinkafa ta Haɗiye Tasi'u

Ku matso ku kasa kunne, amma kada wanda ya tsoma mini baki sai na dire. In na dire, fili naku ne.

A wani gari da ke bakin kogi, inda in kaka ta yi ko'ina ka waiga shinkafa ce, akwai masana'antar casa ta wani attajiri, Alhaji Sule. A bayanta akwai rumbun ƙarfe, dogo, ya kusa kamo rimi. A cikinsa ake tara shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba. Ta sama ake zuba ta, ta gindi take fita, inda wani bel yake janye ta zuwa injin casa.

In danshi ya kama shansherar, sai samanta ya dunƙule ya yi ɓawo, ta ƙi sauka. Nan ne sai mutum ya hau tsani ya shiga da sanda ya farfasa. Aikin Tasi'u ke nan, shi da yayansa Mamuda, tun suna samari. Su leburorin wurin suna da wata tarbiyya da suka taso da ita daga gida: ba a taka abinci da takalmi. Duk mai shiga rumbu sai ya tuɓe nasa a gindin tsani. A hankali wannan ya zama alamarsu. Mai kunna bel, kafin ya taɓa makunni, sai ya waiga. In ya hango takalmi, ya san akwai rai a ciki, ya janye hannunsa. Ba allo, ba ƙararrawa, takalmi kawai, kuma bai taɓa ba su kunya ba.

Ana nan sai Alhaji ya sayo sabon inji, na zuƙa. Ƙato ne shuɗi a kan tayoyi, da tiyo mai kaurin cinyar ƙaƙƙarfan namiji. Aka ce in an zura tiyon a rumbu ko a bayan babbar mota, sai ya shanye hatsi kamar ana shan kunu, ya tofar da shi inda ake so, har ƙurar ya haɗa. Leburori da suka ji haka jikinsu ya yi sanyi, don aikin da suke yini a kai ne aka ce zai gama kafin a sha shayi. Tasi'u ne ya raɗa masa suna Mayya, sunan kuwa ya bi shi.

Wanda aka tura birni ya koyo sarrafa shi Nazifi ne, ɗan unguwar su Tasi'u, wanda suka yi wasan ƙasa tare. Da farko abin raha ne. In Tasi'u ya gan shi yana goge injin sai ya ce, “Ango, ya amaryar taka? Ta fara cin mutane, ko sai an kai lefe?”

Nazifi ya ce, “Kwantar da hankalinka, ba ta cin ƙashi. Sai ka yi ƙiba tukuna.”

Daga raha aka koma habaici, daga habaici aka daina gaisawa. Shi kuwa injin ko tari bai taɓa yi ba. Alhaji ya sa masa kwaɗo, ya ce kada wanda ya kunna sai mutanen kamfanin da suka sayar sun zo sun duba, don in ya lalace kafin nan, sun ce ba ruwansu. Wanda ya taɓa kuma, a bakin aikinsa. Aka tura shi inuwar rumbu aka ajiye, ba wanda ya lura cewa ya tsaya daidai tsakanin makunnin bel da gindin tsani.

Duk garin, mutum ɗaya ce ta ji daɗin zuwan Mayya, ita ce Barira, matar Tasi'u. Ba ta cika shekara a ɗakinta ba. Gidansu kusa ne, saboda haka ita ke kai masa abincin rana, kuma wannan 'yar tafiyar ta fi mata surfe wahala. Barira ba ta iya haɗa ido da maza. In Yaya Mamuda ya shigo gida, ɗaki take faɗawa, daga bayan labule take gaishe shi. Sunan mijinta kuwa tun da aka kawo ta bai taɓa fita daga bakinta ba. “Shi” take cewa, ko “maigidan”. Da aka ajiye injin nan sai ta sami maɓoya. Takan raɓe a bayansa da kularta, ba mai ganinta, har Tasi'u ya zagayo ya karɓa.

Ranar da abin ya faru, ta iso ana shirin azahar. Maza sun taru a famfo suna alwala, bel yana ta gurnani. Ta raɓe inda ta saba. Ta jira, bai zo ba. Da yake ita idonta kullum a ƙasa yake, sai ta ga silifas a gindin tsani. Ta san su, don ita ta ɗinke igiyar na hagun da baƙin zare. Ta dubi silifas, ta saurari bel. Ta tuna wata rana yana cin tuwo ya ce mata, shanshera in ana janta ta ƙasa ruwa take komawa, kuma ta fi ruwa mugunta, don ba a iyo a cikinta.

Ta buɗe baki za ta yi ihu. Me za ta ce? In ta ce “shi”, wane ne shi a cikin maza sama da talatin? Kular ta suɓuce daga hannunta. Ba ta san lokacin da ta fito tsakiyar fili ba, hijabi ya zame, ta ɗora hannu a ka.

“Tasi'u! Tasi'u yana ciki! Ku kashe! Yaya Mamuda, Tasi'u!”

Mutane suka daskare da ruwa a hannu, don da yawansu ba su taɓa jin muryarta ba. Mai kula da bel ya ruga ya kashe. Bawan Allah, ya waiga kafin ya kunna kamar yadda ya saba, shuɗin inji kawai ya gani.

Mamuda ne ya fara kaiwa sama. Abin da ya faru a ciki Barira ba ta gani ba, daga baya ta ji shi a bakin waɗanda suka leƙa. Tasi'u ya nutse har ƙirji a tsakiyar wani rami mai kamar mazurari, shinkafa tana gangaro masa ta kowane gefe. Aka jefa masa igiya, ƙarti suka ja. Ya yi wata ƙara da ta sa suka saki, don shinkafar ta riƙe shi kamar an zuba siminti, ja kuwa sai dai a raba shi biyu. Wani daga ƙasa ya ce a buɗe gindin rumbun gaba ɗaya ta zube. Mamuda ya leƙo ya ce, “Wanda ya taɓa gindin nan, shi ya kashe mini ƙane!”

Ya sa aka miƙo masa wani tsohon duro da aka fasa wa gindi, da katako guda. Ya ɗaura igiya a ƙugu. Aka ce masa, “Mamuda, kana da 'ya'ya fa.” Ya ce, “Shi ma ɗan wata ne.” Ya sauka, ya shimfiɗa katakon a kan shinkafar ya tsaya a kai. Ya kifa wa ƙanensa duron, ya danna shi da ƙirji da gwiwa har ya shige, ya tare gangarowar. Kafin ya gama, shinkafa ta kai wa Tasi'u haɓa. Duk numfashin da ya fitar, sai ta ƙara matse gurbin, na gaba ya fi wuya. Mamuda ya tallafe masa kai da hannu ɗaya, yana yashe masa baki da hanci da ɗayan, yana cewa, “Dube ni, kada ka rufe ido. Inna za ta tambaye ni.” Shi kansa katakon ya goce, ya nutse har cinya. Aka zuro kwanoni da bokitai, ana kwasa ana ja. Amma a rami mai zurfi haka, cikin ƙurar da ta hana gani, kwasar kwano wasa ce. Ƙarfin Tasi'u yana ƙarewa, tarin Mamuda yana ƙaruwa.

Abin da ya biyo baya kuwa a idon Barira aka yi. Tana durƙushe a gindin tsani ta ga Nazifi ya zo da guduma. Manaja ya sha gabansa.

“Nazifi, ka san abin da Alhaji ya ce.”

“Na sani, ranka ya daɗe. In ya tambaya, ka ce ni ne.”

Ya fasa kwaɗon. Shi dai a birni a kan shimfiɗaɗɗen siminti aka koya masa, da buhunan masara, ba da ɗan Adam a bakin tiyo ba. Ya san ƙarfin abin. In ya sake masa duka, zai iya fizge fatar mutum. In ya rage da yawa, ba zai ɗago hatsi daga wannan zurfin ba. Ya yi bisimilla ya kunna. Mayya ta yi wani nishi da ya girgiza ƙasa, leburorin da suka daɗe suna zaginta suka ja da baya, sannan suka dawo da gudu suka kama tiyon. Nazifi ya saɓa bakinsa a kafaɗa ya hau tsani, ya kwanta rub da ciki a bakin rumbun, ya zura wa Mamuda. Akwai wani ɗan marfi a jikin tiyon da ke rage ƙarfin iska. A kansa ya ɗora tafin hannunsa, yana buɗewa yana rufewa, idonsa a kan mutanen nan biyu. In bakin ya matso jikin Tasi'u ya sassauta, in ya yi nisa ya ƙara. Ƙurar ma ta bi tiyon ta fice, har suka fara ganin juna.

A ƙasa, shinkafa ta dinga feshowa ta ɗaya bakin. Barira ta zuba wa tulin ido. Ba ta san komai game da inji ba, amma ta san duk abin da ya ƙaru a nan ya ragu ne a ƙirjin mijinta. Tulin ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Can sai ta ji kabbara daga sama.

Aka sauko da shi a goye, fari fat da ƙura, ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Da idonsa ya faɗa kan Nazifi sai ya kama masa riga. “Nazifi, ka yafe ni.”

“Yi shiru, malam, bakinka duk ƙaiƙayi.”

Barira kuwa, da ta ga yana numfashi, sai a lokacin ta tuna kanta a buɗe yake a gaban maza. Ta ja hijabi ta rufe har fuska, ta yi ta kuka a ciki.

Ya yi kwanaki a asibiti, ya warke, sai ɗan ɗingishi da ya rage. Ranar da ya dawo gida Alhaji Sule ya zo dubiya da kansa. Aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, Mamuda da Nazifi suna gefe, Barira tana bayan labule. Alhaji ya dubi Tasi'u. Sannan ya ce maganar kwaɗo ta wuce, kuma shi ne da laifin ajiye inji inda aka ajiye shi. Ya ce da an fitar da gawa daga rumbunsa, da bai ƙara cin shinkafa da daɗi ba har ya mutu.

“Ina da kujerar Makka guda bana,” in ji shi. “Guda ce tak, da ta fi haka da na raba gardama. Na ba wanda ya ceci ranka. Kai ka san shi, Tasi'u, kai za ka nuna mini.”

Tasi'u ya sunkuyar da kai. Mamuda ya ce shi a cire shi, jini ne ya ja shi, kowa aka taɓa ƙanensa haka zai yi. Nazifi ya ce shi inji ne ya yi masa aikin, kuma ƙafarsa ba ta taɓa shinkafar ba. Aka juya wajen labule. Barira a hankali ta ce, “Ni ihu kawai na yi.”

Maganar ta fita gari, kowa da nasa. Mata a gidan biki suka ce, da Barira ba ta ga abin da maza suka wuce ba su gani ba, ta kuma ajiye kunyar da ta fi mata komai nauyi, da kafin a sallame azahar bel ya gama aikinsa, sauran biyun sai dai su yi wanka da jana'iza. Leburori suka ce ihu ba ya tare shinkafa. Mamuda kaɗai ne ya sa ransa a inda na ƙanensa yake, ya hana a ja, ya hana a buɗe, ya riƙe numfashin da hannunsa har taimako ya zo. 'Yan shayi a bakin titi suka ce, ita mijinta ne, shi ƙanensa ne, dole ta sa su. Nazifi fa? Saboda mutumin da ba ya amsa masa sallama ya saka abincin bakinsa a haɗari, kuma ba don hannunsa a kan marfin nan ba, da gawa biyu za a ciro, ba ɗaya ba.

Shi kuwa Tasi'u har yanzu bai buɗe baki ba. In ya dubi ɗaya, sai ya tuna biyun. Alhaji yana jira, masu shirya tafiya suna jiran suna.

To jama'a, na dire. Da ku ne Tasi'u, tsakanin Barira, da Mamuda, da Nazifi, wa za ku ɗora a kujerar nan?